Ciwon ƙugu: me mutum zai yi wa kansa kafin ya kai hannu ga ƙwaya?

A nan Tawa da wuya ka zauna a fada har a sha shayi na uku ba ka ga wani ya dafa ƙugu kafin ya miƙe ba. Mai kabu-kabu na kuka da shi, haka mai dashen albasa a Galmi, haka uwar gida mai daka da jan wasaki, har da ma'aikacin biro da ke wuni bisa kujera. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda hannu ke saurin kaiwa ga tiren mai tallar magani, wani lokaci har ga tramol, alhali mafi yawan wannan ciwo yana da sauƙin da ba a saye da kuɗi. Ga tambayoyin da na fi ji a bakin mutane.

Wai me ke ciwo a wurin?

Ƙasan gadon baya ƙasusuwa biyar ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai tare nauyi, tsoka da jijiyoyi kuma sun ɗaure su. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata cuta takamaimai da za a ɗora wa laifi. Tsoka ce ta gaji ko ta ɗaure, ko gaɓa ta ji jiki. Irin wannan yakan lafa cikin mako huɗu zuwa shida. Shi ya sa likita ba ya gaggawar aika kowa ɗaukar hoton radiyo: mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in an ɗauke su, za a ga alamar tsufa a ƙashinsu.

Malam, ba basir ba ne?

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Yana sa ƙaiƙayi, zafi wurin bahaya, ko jini. Mun saba jingina masa ciwon baya da kasala da komai, sai mutum ya yi wata uku yana shan jiƙo yana zawo, ƙugun kuwa yana nan yadda yake.

To in kwanta har ya wuce?

A'a, kuma nan ne aka fi yin kuskure. In ciwon ya yi tsanani a ranar farko ko ta biyu, ka rage aiki, ka kishingiɗa in ka gaji. Amma kwanciyar kwanaki tana sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su sandare, tsoron motsi ya shiga zuciya. Wanda ya kwanta mako guda yakan tashi da ciwon da ya fi na wanda ya ci gaba da ɗan kai-da-kawo a tsakar gida.

Tafiya da ƙafa ita ce gaba da komai. Fara da minti goma, da sassafe bayan asuba ko da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi, a fili mai lebur, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai rabin awa. A 2024 an wallafa wani bincike da aka yi a Ostireliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu. Waɗanda aka ɗora bisa tsarin tafiya tare da yi musu bayani sun yi kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Ɗan jin ciwo lokacin tafiya ba ya nufin kana ɓata wani abu a ciki. Wanda ya kamata ya tsayar da kai shi ne mai ƙaruwa yana sauka ƙafa.

Gashi da tausa fa?

Suna taimakawa, kuma iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka. A tsoma tawul a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana. Ko a zuba ruwan a buta, a naɗe ta da zane. Ɗumi ake so, kada ya kai ga ƙuna, musamman ga mai ciwon suga da fatarsa ba ta jin zafi sosai. Tausa da man kaɗe a gefe biyu na gadon baya tana sassauta tsoka. Sauƙin na ɗan lokaci ne, amfaninsa ya ba ka damar tashi ka motsa. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a sa yaro ya hau bayan dattijo yana tattakawa.

Wane motsa jiki zan yi a ɗaki?

Tabarma ta isa. Ka kwanta rigingine, ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ka riƙe kana ƙirga ashirin, ka sauya. Sannan ka kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali, sau goma. Na uku, ka durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi, ka ganƙara baya sama, sannan ka lotsa shi ƙasa, kana numfashi a natse. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Lahadi.

Aikina ne ke jawo shi, kuma ba ni da halin bari. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, don ba mai ce wa ɗan dako ya bar buhu ko manomi ya bar gona da damina. Abin da ake iya gyarawa shi ne yadda ake yin aikin. In za ka ɗauki buhun hatsi, matso kusa da shi har ya taɓa jikinka, ka lanƙwasa gwiwa, ka tashi da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafafu. Bidon ɗin ruwa mai lita 25 kilo 25 ne cur. Raba shi gida biyu, hannu da hannu, ya fi a rinjayar da jiki gefe ɗaya.

Ke kuma Inna mai wanki da shara a duƙe, ɗora bahon bisa turmin da aka kifa ko wani benci, tsintsiya kuma a ɗaura mata sanda. Daka da jan ruwa a riƙa karɓa-karɓa. Mai dashe ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci, ya dafa ƙugu ya ɗan ganƙare baya. Mai kabu-kabu ya sauka daga moto in yana jiran fasinja. Wanda ya shiga bas daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, ya naɗe rawani ko tawul ya sa a lotsin bayansa, in an tsaya a Ƙonni ko Doso ya sauka ya taka.

In sayi ɗamarar ƙugu? Katifa ko ƙasa?

A jagorar da OMS ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon ƙugu da ya wuce wata uku, ta ce kada a dogara da ɗamara, haka ma ƙwayoyi dangin tramol. Ta fi ƙarfafa motsa jiki, tausa, da fahimtar da mai ciwo halin da yake ciki. Batun shimfiɗa kuwa, wani bincike a Sifen a 2003 ya nuna katifa matsakaiciya ta fi mai tauri ƙwarai. In kana kwanciya ta gefe, sa matashi tsakanin gwiwoyi. In rigingine ne, sa shi ƙarƙashinsu. Barci kansa magani ne, damuwa da rashin barci suna ƙara ciwon, shan taba ma haka.

Ƙaho fa?

Wasu na jin sauƙi na kwana ɗaya ko biyu. Tsagar ce abin tsoro: askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. In ba makawa, reza sabuwa fil, a buɗe ta a gabanka.

Ruku'u da sujada suna gagarata.

Addini ya yi sauƙi a nan: wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune. In ciwon ya lafa, ka koma yadda ka saba sannu a hankali.

Yaushe ne dabarar gida ba ta isa ba?

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, ko bahaya na kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi da mazauni ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta yi rauni har ana jan ta. Wannan alama ce ta jijiyoyin laka sun matsu, kuma jinkiri na iya barin naƙasa. Haka wanda ya faɗo daga moto ko bisa bishiya.

Ciwon da ya zo da zazzaɓi, zufar dare da rama shi ma na likita ne, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Jini a fitsari na iya zama tsargiya ko tsakuwar ƙoda. Mai sikila, mai ciki da ciwon ke zuwa yana tafiya, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, kada su tsaya gashi. In kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan amma mako shida ya wuce ba sauƙi, ka je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ka nemi a tura ka wurin likitan motsa gaɓoɓi, wanda muke ce wa kine.