Boulder Dash

Boulder Dash wasan kwamfuta ne na haƙa rami da tattara lu'ulu'u, wanda kamfanin First Star Software na Amurka ya fitar a shekarar 1984 don ƙananan kwamfutocin Atari na gida. Mutum biyu 'yan ƙasar Kanada, Peter Liepa da Chris Gray, su ne suka ƙirƙiro shi. Mai wasa yana sarrafa wani ɗan taliki mai suna Rockford, wanda ke kutsawa cikin kogon ƙarƙashin ƙasa yana kwasar lu'ulu'u, yana kauce wa duwatsun da ke ruftowa, har ya tara adadin da aka ƙayyade masa kafin lokaci ya ƙare. Idan ya cika adadin, sai ƙofar fita ta buɗe.

Asalinsa

Chris Gray ne ya fara kawo shawarar tun yana matashi, kuma abin da ya fara rubutawa ya yi kama ƙwarai da wani wasan injinan gidajen wasa (waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi a buga) mai suna The Pit, na shekarar 1982. Da aikin ya shiga hannun Liepa, wanda ya karanci lissafi, sai ya sake gina shi daga tushe. Ya fara gwaji da harshen kwamfuta na Forth, daga baya ya mayar da shi harshen da ya fi kusa da injin domin ya yi sauri. First Star ya sayi haƙƙin wasan a watan Oktoban 1983, ya fito kasuwa a shekarar da ta biyo.

Yadda ake buga shi

Kowane kogo fili ne mai gidaje 40 a kwance, 22 a tsaye, kuma ya fi girman allo, don haka hoton yana bin Rockford duk inda ya nufa. Kogunan 16 ne, an yi musu laƙabi da haruffa daga A zuwa P, da matakan wahala biyar, da 'yan gajerun wasanni na hutu a tsakani.

Ƙarfin wasan yana cikin ƙa'idojinsa, waɗanda ba su da yawa amma ba sa sassauta wa kowa. Dutse yana zaune lafiya muddin akwai ƙasa a ƙarƙashinsa. Ka cire ƙasar, ya faɗo. In ya sauka a kan wani dutsen ko kan lu'ulu'u, kuma akwai sarari a gefe, sai ya gangara. Shi ma lu'ulu'un da ake nema haka yake faɗowa, kuma yana kisa kamar dutse. Rockford na iya tsayawa a ƙarƙashin dutse ya tallabe shi da kansa ba abin da zai same shi, amma da ya matsa ƙasa taki ɗaya, dutsen ya biyo shi ke nan. Sau da yawa mai wasa zai ciro lu'ulu'u ɗaya tak daga gindin tsibi, ya ga duwatsu goma sun zubo sun toshe hanyar da ya shigo, ya tsaya a tsakiya ba gaba ba baya, lokaci kuma yana tafiya.

Akwai halittu a cikin kogunan. Wasu ƙwari masu walƙiya suna bin jikin bango, wanda ya taɓa su ya tarwatse. Akwai malam-buɗe-littafi, shi ma taɓa shi mutuwa ce, sai dai in an sako masa dutse a ka yakan fashe ya zama lu'ulu'u tara. A wasu kogunan babu isasshen lu'ulu'u a fili, dole sai mutum ya yi wa waɗannan tarko. Sannan ga amiba, wani koren abu mai yaɗuwa cikin ƙasa kamar gansakuka: in aka killace ta ta rasa wurin yaɗuwa sai ta rikiɗe ta zama lu'ulu'u gaba ɗaya, in kuwa aka bar ta ta yi girma fiye da kima sai ta zama duwatsu. Akwai kuma bangon sihiri mai aiki na ɗan lokaci, wanda ke mayar da dutsen da ya ratsa shi lu'ulu'u. Wannan haɗi na gudu da tunani shi ne ya raba Boulder Dash da sauran wasannin zamaninsa, waɗanda mafi yawansu saurin hannu kawai suke buƙata.

Rockford kansa ɗan ƙaramin zane ne, amma Liepa ya ba shi rai. In aka bar shi tsaye ba motsi, sai ya riƙa ƙifta ido yana buga ƙafa a ƙasa, alamar ya gaji da jira.

Yaɗuwarsa

Ba a jima ba aka kai wasan kan wasu kwamfutocin kamar Commodore 64, Apple II, ZX Spectrum, MSX da kwamfutocin IBM, kuma ya samu karɓuwa sosai a Turai da Japan. A lokacin, al'ada ita ce wasa ya fara daga injinan gidajen wasa sannan ya shigo gida. Boulder Dash ya bi hanyar a juye: kamfanin Exidy ya sa shi a injin gidan wasa a 1984, Data East na Japan ya yi nasa a 1985. Kashi na biyu ya fito a 1985, sai kuma a 1986 aka fitar da Boulder Dash Construction Kit, wanda ya ba kowa damar zana kogonsa da kansa. Wannan ya tsawaita rayuwar wasan fiye da komai, domin masoyansa sun yi ta ƙera koguna suna musaya a tsakaninsu shekara da shekaru. A 1990 ya isa na'urorin Nintendo.

Wasanni da dama sun ɗauki salonsa: Repton na 1985 a Ingila, Emerald Mine na 1987 a Jamus, da Supaplex na 1991. Wanda ya taɓa buga Diamond Rush na kamfanin Gameloft a wayar Nokia mai maɓallai ya ɗanɗani jinin wannan gida, ko da bai taɓa jin sunan Rockford ba.

A 2014 an fitar da sabon salo na cikar wasan shekara 30 don wayoyin hannu, inda Liepa da Gray suka sake sa hannu wajen zana koguna. Tun daga farkon 2018 haƙƙin mallakar sunan yana hannun kamfanin BBG Entertainment na Jamus, wanda ya fitar da Boulder Dash Deluxe a 2021, da kogunan asali na 1984 a cikinsa.