Gubar Dalma a Zamfara

Gubar dalma ta Zamfara annoba ce da ta fito fili a farkon shekarar 2010 a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a Jihar Zamfara da ke arewa maso yammacin Nijeriya. Musabbabinta shi ne sarrafa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje da unguwanni. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara biyar, wasu dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Masana kiwon lafiya na sa ta cikin mafi munin annobar dalma da aka rubuta labarinta a wannan zamani.

Zinaren yankin

Anka da Maru da Bukkuyum suna kan wani zirin duwatsu masu zinare da ya ratsa arewa maso yammacin Nijeriya, ya taɓa Birnin Gwari da ƙasar Yawuri. Rubutaccen tarihin haƙar zinare a Nijeriya ya fara ne a wajajen 1913, zamanin Turawan mulkin mallaka. Haƙar ta kai ƙololuwa a shekarun 1930, ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanoni suka watse suka bar ramukansu. Daga nan sai ta zama sana'ar rani ga manoma: in an gama girbi, wasu su ɗauki diga da shebur su tafi daji, damina na faɗuwa su dawo gona.

Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya sauya lissafi. Farashin zinare ya haura dala 1,000 kan kowace oza, ya ci gaba da hawa har ya kusanci dala 1,900 a 2011. A ƙauyen da gero da dawa da wake ne kaɗai abin dogaro, buhun dutse mai kyau yana iya kawo abin da gona ba za ta bayar a wata guda ba. Dillalai suka yawaita, injinan niƙa suka shigo, mutane daga wasu jihohi da maƙwabtan ƙasashe suka kwararo.

A tsarin mulkin Nijeriya ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya, kuma dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ce ke tafiyar da su. Galibin masu haƙar a waɗannan ƙauyuka ba su da lasisi, ba kuma wani jami'i da ke duba yadda suke aiki.

Yadda dutse ya shiga gida

Dalma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin kwallin gargajiya da ake sa wa a ido daga dutsen dalma ake samun sa. Abin da ya bambanta a Zamfara shi ne yawa da kuma hanyar shiga jiki. Wasu jijiyoyin dutsen da aka fara haƙa a kusan 2009 suna da dalma mai yawan gaske, kuma wani kaso nata irin wanda ruwan ciki ke narkarwa da sauƙi ne.

Aikin yana da matakai. Maza su haƙo dutse su zuba a buhuna, a kawo gari a kan babur. A farfasa shi da guduma ya zama tsakuwa, a niƙa ya koma gari, a wanke garin a kan wani katako mai gangare da aka shimfiɗa wa darduma domin ƙwayoyin zinare su maƙale, sannan a haɗa da zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi. Niƙan a bushe ake yin sa, shi ya sa ƙura ke turnuƙewa. A wurare da dama injin da ke niƙa dutse irin wanda ke niƙa hatsi ne, wani lokaci ma shi ne dai.

Dalilai biyu suka kai aikin tsakar gida. Na farko tsoron sata, don ba mai son barin dutsensa a daji. Na biyu kuwa, matan aure da ke kulle sun sami sana'ar da za su yi ba tare da sun fita ba: su daka dutse a turmin da suke daka hatsi, su shanya garin a inda suke shanya tsaba, da goyo a baya. Ƙurar ta sauka a kan ƙasar da yara ke rarrafe, a kwanukan abinci, a bakin rijiya da kududdufi. Wasu gidajen an yi tubalinsu ko yaɓensu da ƙasar da aka wanke zinare a ciki. Da aka auna, an sami wuraren da dalma ta wuce miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, wato kashi 10 cikin 100, alhali iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a lokacin ga filin wasan yara miligiram 400 ce.

Gano cutar

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau kamar yadda aka saba a lokacin zafi, suka sami labarin yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka. Alamomin su ne amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga da suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba a ga sauƙi ba. Ganin sababbin kaburburan yara jere a maƙabartu, da kuma yadda ake niƙa dutse a ko'ina, ya sa aka yi zargin guba. Aka aika jinin wasu yara wani ɗakin gwaji a Turai, sakamako ya nuna dalma mai yawan da ke kisa.

A watan Mayu tawagar cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta iso tare da jami'an ma'aikatar lafiya ta tarayya da ta jiha da Hukumar Lafiya ta Duniya. Binciken gida gida da suka yi a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin watanni 12 da suka gabata, wato ɗaya cikin huɗu. Kusan kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin yaran da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun wuce maikirogiram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. Ƙaramar na'urar gwajin da ake yawo da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, don haka sau da yawa sai dai ta nuna cewa abin ya zarce ma'auninta.

Mazauna ƙauyukan sun shaida wa masu binciken cewa agwaginsu sun ƙare watanni kafin yara su fara mutuwa. Ba wanda ya danganta wannan da wancan a lokacin, amma daga baya labarin ya shiga darussan da ake koyar da likitocin dabbobi da na mutane kan lura da mutuwar dabbobi a matsayin gargaɗi.

Illar dalma ga jiki

Jiki ba ya buƙatar dalma ko kaɗan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Yaro ƙarami yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa daga dalmar da ya haɗiya, ga shi kullum hannunsa na baki. Yunwa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini suna ƙara tsotsewar. In ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, a sami jijjiga, suma, ko mutuwa. Waɗanda suka tsira wasu kan makance, su kurmance, ko gaɓoɓinsu su shanye. Kaɗan ɗinta ma tana rage kaifin basira har abada. Tana taruwa a ƙashi tsawon shekaru, ta sake fitowa cikin jini lokacin da mace ke da juna biyu, ta isa ga ɗan tayi. A manya tana kawo hawan jini, ciwon ƙoda da ɓari.

Magani da kwashe ƙasa

MSF ta buɗe sassan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, inda ake ba yara maganin sha mai suna DMSA da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Masu tsananin ciwo ana yi musu na allura. Sai dai an gane tun farko cewa maganin ba shi da amfani ga yaron da zai koma gidan da ya kwaso gubar, yana ma iya cutar da shi. Saboda haka aka kafa ƙa'ida: ba a fara ba yaran ƙauye magani gadan-gadan sai an tsabtace ƙauyen. Wannan ƙa'ida ce ta ɗaure lafiyar yara da aikin shebur da baro, ita ce kuma ta sa duk jinkirin kuɗin kwashe ƙasa ya zama jinkirin magani.

Kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho a Amurka da cibiyar Blacksmith su suka tsara aikin, tare da ma'aikatar muhalli ta Zamfara, mutanen gari kuma su ne leburorin. Kafin komai sai da masarautu da hakimai da dagatai suka ba da umarnin fitar da injina da duk aikin dutse zuwa bayan gari. Sannan a bi gida gida da na'urar auna ƙasa, a kankare saman ƙasar da fartanya gwargwadon 'yan santimita, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Ɗakunan da ƙasansu ya gurɓata sosai an yi musu daɓen siminti. Shiga cikin gida inda mata suke ya buƙaci izinin mai gida, kuma an ɗauki mata aikin wayar da kai domin su yi magana da 'yan uwansu.

An fara da Dareta da 'Yargalma a watan Yunin 2010, ana tsere da damina. Daga ƙarshen shekarar zuwa kusan Maris na 2011 aka yi Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Rahoton waɗanda suka yi aikin ya ce, in aka haɗa da ƙauyen Bagega da aka yi daga baya, an kwashe ƙasa da tarkacen dutse sama da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820 a ƙauyuka takwas, yawanci da hannu. Dalmar ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin 100, kuma matsakaicin abin da ake samu a jinin yara kafin magani ya sauko daga maikirogiram 149 zuwa 15 a kowace desilita a cikin shekara huɗu.

Bagega

Bagega ta fi sauran girma, kuma a gefenta akwai babban filin sarrafa dutse da ya tara tarkace mai yawa. Kuɗin masu ba da agaji ya ƙare kafin a kai gare ta. A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja kan annobar, gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan kuwa ta riga ta yi alkawarin naira miliyan 850 don aikin, amma ministocin da abin ya shafa ba su halarta da kansu ba, kuɗin kuma bai fito ba har shekarar ta ƙare. A wannan tsakani yara kimanin 1,500 suna zaune cikin gubar ba a iya fara musu magani.

Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta matsa lamba, haka ma wasu matasan Nijeriya ƙarƙashin shirin Follow The Money da Hamzat Lawal ke cikin jagororinsa, waɗanda suka yi gangami a Twitter da Facebook da sunan ceto Bagega. A ƙarshen Janairun 2013 aka amince da sakin kuɗin. Aikin kwashe ƙasar ya gudana a cikin wannan shekara, magani ya biyo baya, kusan shekara uku bayan gano annobar.

Adadin waɗanda suka rasu

Alƙaluman sun sha bamban. A watan Yunin 2010 hukumomi sun ce mutum 163, ciki har da yara 111. Daga baya 400 ya zama adadin da aka fi ambata, wasu rahotanni kuma sun kai shi sama da 700. Ba a rajistar haihuwa da mutuwa a yawancin ƙauyukan, kuma an ruwaito cewa wasu iyalai sun ɓoye rasuwar 'ya'yansu don tsoron kada a hana haƙar zinare.

Bayan annobar

A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, a yankin Shikira, inda aka ba da rahoton rasuwar yara 28. A can da Zamfara an gwada hanyoyin aiki marasa ƙura: jiƙa dutse kafin niƙa, wanka da sauya tufafi kafin komawa gida, da hana yara zuwa wurin injin. Duk da haka an sami gidajen da suka sake gurɓata bayan an tsabtace su, saboda wasu sun koma shigo da dutse a ɓoye.

Matsalar 'yan bindiga ta rufe hanyar zuwa ƙauyuka da dama. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019 bisa zargin alaƙarta da ta'addancin, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Ana saɓani kan ko haramcin ya rage haƙar ko kuwa ya tura ta ɓoye ne kawai. MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar a farkon 2022, bayan ta gwada jinin yara sama da 8,000 ta kuma ba kimanin 3,500 maganin fitar da dalma.