Ƙarfin laftof da wasannin kwamfuta masu nauyi

Wasannin kwamfuta masu nauyi su ne waɗanda ke buƙatar na'ura ta riƙa zana hotuna masu zurfi da inuwa da motsi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna santsin wasa da yawan hotunan da ke fitowa a daƙiƙa: 30 shi ne mafi ƙaranci da galibi ake haƙura da shi a wasa, 60 kuma shi ne abin da yawancin 'yan wasa ke nema. Idan laftof ta gaza kai wa haka, sai wasan ya riƙa sarƙewa, a danna maɓalli yanzu, motsin ya biyo baya.

Katin zane

Babban abin da ke yanke hukunci shi ne katin zane, wanda ake kira GPU. Iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa a cikin furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, kamar Intel UHD da Iris Xe, ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, yake aro. Akwai kuma mai zaman kansa, irin GeForce na Nvidia ko Radeon RX na AMD, wanda ke da tasa ma'ajiyar da ake kira VRAM. Na farko yana ɗaukar tsofaffin wasanni da marasa nauyi, amma da wuya ya ɗauki sababbin manya.

Misali, Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke Poland, wanda ya fito a 2020, bayan gyaran 2023 yana buƙatar aƙalla katin GTX 1060 mai VRAM gigabait 6, da RAM gigabait 12, da fili gigabait 70 a kan SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri. Wannan kuma mafi ƙaranci ke nan, wato wasan zai tashi ne da duk saitunan ingancin hoto a ƙasa.

Suna yakan ruɗi mai saye. Katin laftof da na kwamfutar tebur suna iya ɗaukar lamba ɗaya, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba. RTX 4090 na tebur yana jan wuta har wat 450, yana da VRAM gigabait 24; na laftof bai wuce wat 175 ba, gigabait 16 gare shi. Ko tsakanin laftof biyu masu RTX 4060, wata an ba katin wat 35 ne kacal, wata kuma wat 115, kuma ba kasafai ake rubuta wannan a jikin kwali ba.

Furosesa da RAM

A kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, kalmar da ke sayar da laftof ita ce "Core i7", sunan wani rukunin furosesa na Intel. Ita kaɗai ba ta nuna komai. Sai an duba lambar da ke biye: i7-7500U ƙwaƙwalwa (core, wato sassan da ke yin lissafi) biyu kacal gare shi, kuma harafin U yana nufin an ƙera shi don tanadin batir, wat 15 yake ci, alhali masu harafin H kan kai wat 45. Galibin 'yan tokumbo da ake shigo da su, irin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, na aikin ofis ne. Suna da ƙarko, amma ba don wasa aka yi su ba.

RAM gigabait 8 ya fara yin kaɗan, 16 ne daidai. RAM sanda biyu ta fi sanda ɗaya gudu, musamman ga katin da ke aro daga RAM. Ana iya ƙara RAM da SSD a laftof da yawa, amma galibi furosesa da katin zane a liƙe suke da allon na'urar, ba a canza su.

Zafi

Laftof siririya ce, iska ba ta da wurin zagayawa. Idan furosesa ya kusa digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Shi ya sa wasa kan fara lafiya lau, bayan ɗan lokaci fanka ta hau kuka, hoto ya soma tsalle. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu suna ƙara matsalar, haka ma ɗora ta a kan katifa, inda hancin iskar ke toshewa. Cire caja kuma yana rage ƙarfinta sosai, domin batir ba ya iya ba da wutar da katin ke nema.

Yadda ake dubawa

A Windows, rubuta dxdiag a wurin bincike yana fito da sunan furosesa da RAM da katin zane, sai a gwada su da buƙatun da masu wasan suka wallafa. Kantin Steam, mai sayar da wasanni a intanet, yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga wasan awa 2 ba. Rage girman hoto ma yana taimakawa: 1080p ɗigon haske kusan miliyan 2 ne, 4K kuwa ya haura miliyan 8. Fasahohin DLSS na Nvidia da FSR na AMD suna zana hoton ƙarami sannan su faɗaɗa shi, sai dai DLSS a katin RTX kawai yake aiki.