Waiwaye: Yadda Bakteriya Ke Bin Ƙamshi Ba Tare Da Hanci Ba

Wanda ya taɓa ratsa Wunti a Bauchi da daddare ya san yadda ƙamshin tsire ke jan mutum har gaban tukuba. Bakteriya ma tana bin ƙamshi, sai dai an ɗauki kusan shekara ɗari kafin a gano dabararta.

A 1881 wani Bajamushe, Theodor Engelmann, ya lura bakteriya na tururuwa inda iskar oksijin ta fi yawa. A 1884 Wilhelm Pfeffer ya tsoma siririn bututun gilashi mai ruwan nama cikinsu, suka yi dafifi a bakinsa. Daga nan magana ta kwanta, sai a 1969 Julius Adler na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya nuna cewa E. coli, wata bakteriya da ke zaune a hanji, na bin wasu sinadaran da ba ta ma iya ci. Ashe ɗanɗano take yi, da wasu furotin da ke jikin fatarta.

Abin da ya ɗaure kai shi ne ƙanƙantarta. Tsawonta bai wuce maikiromita biyu ba, wato kashi biyu cikin dubu na milimita, to yaya za ta bambanta ƙamshin gabanta da na bayanta? Amsar ta zo a 1972, daga Howard Berg da Douglas Brown, da kuma Robert Macnab da Daniel Koshland. Ba wuri take kwatantawa ba, lokaci ne. Takan yi iyo kamar daƙiƙa ɗaya, ta yi katantanwa, ta ɗauki wata hanyar. In ƙamshin yanzu ya fi na ɗazu, sai ta jinkirta juyawar. Tunawarta 'yan daƙiƙu ce kawai, tana rubuce da ƙwayoyin wani sinadari, methyl, da ake liƙa wa furotin masu ɗanɗanon.

A ganina abin mamakin yana gaba. E. coli na da masu ɗanɗano iri biyar, kuma a 1993 Janine Maddock da Lucy Shapiro suka gano cewa cincirindo suke yi a ƙarshen jikinta. Sukari, amino asid, oksijin, guba, kowa ya kawo rahotonsa ga furotin ɗaya, CheA, shi kuma ya aiki wani furotin, CheY, wurin injin da ke juya jelar da take iyo da ita. Hukunci ɗaya ke fita: a ci gaba ko a juya.

Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke haddace waɗannan sunaye don jarrabawa ya tuna da daminar Bauchi, lokacin da ake fargabar kwalara. Ƙwayar kwalara na da irin waɗannan masu ɗanɗano fiye da 40. Helicobacter pylori mai jawo gyambon ciki kuwa huɗu gare ta, da su take laluben bangon tumbi.