Ma'anar "tace ruwa": ba kowace filta ce ke raba ka da cuta ba

Tun daga ambaliyar Maiduguri ta watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya shanye unguwanni, kalmar "filta" ta shiga bakin kowa. Da damina ta kankama sai ka ji ta a rediyo, ka gan ta a tallan Facebook da TikTok: ga wani ya tsoma bututu a kududdufi yana zuƙa, yana cewa daga yau kai da ciwon ciki sai dai labari. 'Yan siyasa su ma sun ɗauka. A je sansanin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu, a raba kaya, a dawo a ce: "Mun ba su na'urar tace ruwa, yanzu tsaftataccen ruwa suke sha." Wannan maganar ce take damuna. An haɗa abu biyu da kowanne zaman kansa yake, tataccen ruwa da ruwan da ba ya cutarwa, kuma a tsakaninsu ana iya rasa rai.

Tacewa dai kowa ya san ta. Ka bi da abu ta ƙananan ƙofofi, wanda ya fi ƙofar girma ya tsaya, wanda bai kai ta ba ya wuce. Daga nan muka sami mataci da matata, har aka ari kalmar aka kai ta ga tace labarai da tace fina-finai. To amma dubi mai koko a lokacin da take tace gasara. Dusa kawai ƙyallenta yake tarewa, gasarar da ruwan tare suke sauka cikin roba, kuma ba ta taɓa cewa ƙyallen ya raba su ba. Ashe kalmar ba ta yi alkawarin cire komai da komai ba. Duk wanda ya ce maka ya tace ruwa, sauran tambaya ɗaya: yaya girman ƙofar matacin?

Ana auna wannan ƙofa da maikiron, wato a raba milimita ɗaya gida dubu a ɗauki ɗaya. Kaurin silin gashin kai yakan kai wajen maikiron 70.

Ina zaton amanar da muka bai wa tacewa ta samo asali ne daga yaƙin kurkunu, kuma amana ce da aka ci ta da gumi. Wanda bai ga kurkunu ba ba zai san abin da ake faɗa ba. Mutum ya sha ruwan tafki, sai bayan kusan shekara ƙafarsa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa fara mai tsawon da kan kai mita guda ta fara leƙowa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. Sau da yawa a tsakiyar aikin gona take kwantar da magidanci. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ne ke kamuwa a shekara a Afirka da Asiya, kuma ƙidayar da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta sami sama da mutum 650,000. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar da ake haɗiya. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, tare da ma'aikatun lafiya da dubban 'yan sa-kai na ƙauyuka, da ƙyallen nailan suka yi mafi yawan yaƙin. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka a kan wannan aiki. Ana ɗaure ƙyallen a bakin tulu a zuba ruwa, makiyayi da matafiyi kuma a ba su ɗan bututu mai raga a gindinsa su rataya a wuya. Najeriya ta ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. Ghana ta biyo baya a 2015. Chadi har yanzu tana fama da ragowarta.

Me ya sa ƙyalle ya wadatar? Domin 'ya'yan tsutsar ba su kaɗai suke yawo a ruwa ba, a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa suke zaune, wanda girmansa ya kusa milimita guda, mai ido da kyau ma yana iya hango shi yana tsalle a ƙwarya. Raga mai ƙofar maikiron 100 ta ishe shi. Ƙwayar kwalara kuwa tsawonta wajen maikiron 2 ne, kaurinta bai kai ɗaya ba. Idan ita kaɗai ta zo ƙofar wannan raga, kamar kaza ce ta bi ta Ƙofar Nasarawa. Gaskiya ne a Bangaladash an gwada tace ruwa da tsohon zani da aka ninka sau huɗu, kuma binciken da Rita Colwell da abokan aikinta suka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi, saboda ƙwayoyin suna maƙalewa a jikin ƙwarin ruwan da zanin ke tarewa. Ina girmama wannan dabara, kuma wanda ba shi da komai sai zani ya yi amfani da shi. Sai dai rabi aka ce, ɗaya rabin ya kamu.

Wancan bututun makiyaya shi ne kakan LifeStraw da ake talla yau. Kamfanin Vestergaard da ya yi wa yaƙin kurkunu matatai shi ya fito da LifeStraw a 2005, daga baya ya cika bututun da siraran zaruruwa masu rami a ciki, ƙofofinsu maikiron 0.2. Wata filtar mai suna Sawyer Mini tana da 0.1. Irin na Katadyn masu tangaran a ciki suna da 0.2. Waɗannan kayan ƙwarai ne, ban raina su ba. Suna tare ƙwayar kwalara da ta taifot, suna tare ƙananan halittun da ke kawo atuni da gudawa mai daɗewa. A garin da kwalara ta ɓulla, kamar yadda ta ɓulla a Borno makonni kaɗan bayan ambaliyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a kan kalmar "ƙwayar cuta". Da wannan suna guda muke kiran halittu da girmansu ya yi nisa da juna. Akwai bakteriya, irin kwalara. Akwai kuma bairos, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in A da nau'in E, da na shan inna, duk wajen maikiron 0.03 suke. Rotabairos da ke sa jarirai gudawa wajen 0.07. Ka kwatanta da ƙofar 0.1 ko 0.2, za ka ga babu abin da zai hana su wucewa. Don haka idan mai talla ya ce filtarsa tana cire kashi 99.9999 na "ƙwayoyin cuta", mai yiwuwa bai yi ƙarya ba, bakteriya yake nufi, kai kuma ka ji kamar ya ce duka.

Kamfanonin da kansu ba su ɓoye wannan ba. Dalili kuwa shi ne mutanen da aka fi sayar wa ƙananan matatan nan: masu goya jaka su shiga daji ko su hau tsauni a Amurka da Turai, su kafa tanti su yi kwana uku suna shan ruwan ƙorama. Abin tsoro a irin wannan ruwa kashin dabbobi ne, ba najasar gari guda ba, don haka tare bakteriya da ƙananan halittu ya ishe su. A kasuwar can ma sunan kayan biyu ne. Wanda aka rubuta wa filter ba a sa ran ya tare bairos. Wanda aka rubuta wa purifier shi ake sa ran ya kawar da bairos, ko ta ƙofar da ta kai maikiron 0.02 kamar MSR Guardian, ko ta sinadari, ko ta hasken da ke kashe ƙwayoyi. Ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka ya nemi irin wannan ya kawar da kashi 99.99 na bairos. Mu da kayan suka iso sai muka kira su duka filta.

Ruwan ambaliya a gari kuwa ruwan masai ne da shadda da kwata da bola, duk sun cakuɗe da na rijiya. Nan ne gidan bairos. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a yankin Diffa ta Nijar, a cikin mutanen da rikicin Boko Haram ya tarwatsa, kuma yawancin waɗanda suka mutu mata ne masu ciki. Cutar ta ruwa take bi. Ga mai tsohon ciki tana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda ta kwantar. In ka miƙa wa irin wannan mata bututun zuƙa ka ce mata ta tsira, ka kare ta daga kwalara, ka bar ta da abin da ya fi yi mata barazana, kuma ka cire mata tsoron da zai sa ta tafasa ruwan. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai.

Wasu masu fassara suna ƙoƙarin gyara zancen su ce "na'urar tsarkake ruwa". A ganina hakan ma ya ƙara dagula lissafi. Tsarki yana da ma'anarsa da muka koya tun muna yara: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba, ya yi alwala, ya yi wanka. Hukuncin ibada ne, kuma daidai yake a muhallinsa. Amma ruwa yana iya cika waɗannan sharuɗɗa uku yana ɗauke da kwalarar da za ta kwantar da gida guda. Ido da harshe da hanci ba su ganin maikiron biyu. Da ni ake tambaya, da na ce a bar wa tsarki kalmarsa, a riƙa cewa "mataci mai tare bakteriya" da "mataci mai tare har bairos". Ya yi tsawo, amma ba ya yaudarar kowa.

Sai kuma abin da ya narke a ruwa, wanda ba ƙofar da za ta tare shi a irin waɗannan ƙananan matatai, kamar yadda ƙyallen mai koko ba zai cire sukari daga shayi ba. Gishiri, dalma, takin zamani, fetur da baƙin mai da ambaliya ke kwasowa daga gidajen mai da gareji. A Tibiri kusa da Maradi, rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ta daɗe tana bai wa gari ruwa garau, amma sinadarin fuloraid ya yi masa yawa, yara da dama haƙoransu suka rine, ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Irin wannan ko tafasawa ba ta maganinsa. Gawayin da ake sa wa wasu matatai yana rage wari da ɗanɗano da wasu sinadarai, shi ke nan aikinsa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙananan robobin nan masu soso da tsakuwa kala-kala da ake ɗaura wa bakin famfo kuwa, yashi da tsatsa suke tarewa.

To wanda zai saya don tafiya ko don ajiyar ko-ta-kwana, ya fara da neman lambar maikiron a jikin kwali. Idan babu lamba, ya ajiye. Idan 0.1 ko 0.2 ce, ya san bakteriya ya saya wa magani, sai ya haɗa da kulorin, ko ƙwayar Aquatabs ko ruwan WaterGuard, a zuba bayan an tace, a jira minti talatin. Biyun suna rufa wa juna asiri: kulorin yana kashe bairos da ya kuɓuce wa mataci, mataci kuma yana tare wata ƙaramar halitta mai taurin ɓawo da kulorin ba ya iya wa. Inda akwai wuta, ruwa ya tafasa sosai yana ɓararraka na minti ɗaya, wannan ya gama da su duka. Magidanci ya tuna cewa bututun zuƙa na bakin mutum ɗaya ne, ba za a dama wa jariri kunu da shi ba, ba za a haɗa ruwan gishiri da sukari da shi ba. Gida yana buƙatar irin wanda ake ratayewa ko ake ɗaura wa bokiti ruwa ya riƙa sauka da kansa.

Ruwanmu na damina kuma ja ne, laka ce zalla, kuma laka tana toshe zaruruwan nan cikin ɗan lokaci. A bar ruwan ya kwanta tukuna, a sa masa ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale kamar yadda iyayenmu suke yi, a tsiyaye na sama, sannan a tace. Sirinjin da ke zuwa tare da wasunsu na wanke matacin ne ta baya da ruwa mai kyau, kada a yar da shi da kwali. Mai tangaran idan ya faɗi ya tsage, ko da tsagin ba ya ganuwa sosai, ya tashi daga aiki.

Bayan duk wannan wahala, sau da yawa a randa ake ɓata ruwan. An tace, an sa kulorin, an zuba a randa mai faɗin baki, sai yaro ya dawo daga bayan gida ya ɗauki moɗar da ke yashe a ƙasa ya tsoma har wuyan hannu. Ruwan da aka gyara a zuba shi a jarka mai ƙaramin baki da murfi, ko bokiti mai famfo a gindi, a riƙa tsiyayowa ba a tsoma komai a ciki.