Me ke kai Kiristoci kafa sabuwar coci a inda babu kowa babu komai?

Wai me ake nufi da dasa ikkilisiya, gini ne?

A'a, gini shi ne na ƙarshe ma, wani lokaci ba ya zuwa sam. Ikkilisiya mutanen ne, wato taron masu bi da ke haɗuwa su yi sujada, su karanta Littafi Mai Tsarki, a yi baftisma, a ci Jibin Ubangiji. Kalmar dasawa kuma daga bakin Manzo Bulus aka ɗauko ta, a 1 Korintiyawa 3:6 ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa ta girma. Kiristocin farko a gidajen mutane suke taruwa, Romawa 16:5 ta ambaci ikkilisiyar da ke gidan Biriskila da Akila. Ko tsohon wurin sujadar nan da aka tono a Dura-Europos a ƙasar Siriya, na ƙarni na 3, asalinsa gidan zama ne aka gyara.

To daga ina tunanin ya samo asali?

Yawanci za ka ji masu dasa ikkilisiya sun kawo Matiyu 28:19-20, inda Yesu ya umarci almajiransa su je su almajirtar da dukan al'ummai, suna yi musu baftisma suna koya musu. Sai masu wannan aiki su ce, to ai baftisma da koyarwa ba abu ba ne da za ka yi wa mutum rana ɗaya ka kama gabanka, dole sai da taron da zai riƙe shi. Haka Bulus ya yi, duk garin da ya shiga sai ya bar ƙungiya a bayansa, Ayyukan Manzanni 14:23 ta ce shi da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikkilisiya kafin su wuce. A Romawa 15:20 kuwa ya fito fili ya ce burinsa ya yi bishara inda ba a taɓa jin sunan Almasihu ba, don kar ya yi gini kan harsashin wani.

Amma me ya sa sai unguwannin talakawa da ƙauyuka masu nisa?

Saboda coci ma, kamar komai, tana da halin taruwa inda akwai kuɗi da hanya mai kyau, sai ka ga unguwa ɗaya coci biyar suna gogayya, can gefe kuma inda leburori da baƙin da suka yi hijira suke babu ko ɗaya. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A Ingila a 1739 wani mai wa'azi, George Whitefield, ya fita fili yana wa masu haƙar kwal na Kingswood wa'azi, mutanen da cocin zamanin ba ta kula da su ba, abokinsa mai wa'azi John Wesley ya bi sahu a Bristol a watan Afrilun shekarar, duk da shi kansa da farko abin bai kwanta masa ba. Abin da ya sa aikin Wesley ya ɗore kuwa shi ne bai tsaya ga wa'azin ba, ya rarraba mutane ƙananan ƙungiyoyi na wajen mutum 12 suna haɗuwa duk mako. William Booth ma a 1865 a gabashin Landan ya fara, cikin matalauta, daga nan aka samu ƙungiyar Kirista mai taimakon talakawa, Salvation Army. Sai a 1974, a babban taron masu bishara na duniya a birnin Lausanne a Siwizalan, wani masanin aikin mishan, Ralph Winter, ya ja hankali cewa akwai al'ummai da yawa da ba su da ikkilisiya ko ɗaya a harshensu da al'adarsu, tun daga nan maganar ta ƙara ƙarfi.

Ba zai fi sauƙi a turo mota ta kwashe su zuwa babbar coci ba?

Ana yi, amma ba ya cika ɗorewa. Wanda aka ɗauko a mota baƙo ne, a baya zai zauna, wataƙila ma ba da yarensa ake wa'azin ba, kuma ranar da ɗansa ya kwanta ciwo tsakar dare faston yana can nesa. Idan cocin tana unguwarsa kuwa shi ne mai buɗe ƙofa, gobe shi ne dattijo.

Makaranta da asibiti da rijiyar da suke kawowa fa, ba sayen mutane ba ne?

Tambaya ce mai nauyi kuma gaskiya bai kamata a kauce mata ba. Su dai hujjarsu ita ce Yakubu 2:15-16, wai in ɗan'uwa ba shi da sutura ba shi da abinci ka ce masa ya sauka lafiya ba ka ba shi komai ba, me ka yi? Amma an sha ganin inda taimakon ya zama ƙugiya, har a tarihin mishan a Asiya aka samu laƙabin "Kiristocin shinkafa", masu shiga don abin da za su samu, da an daina rabo sai su watse. Ni a ganina ma'aunin mai sauƙi ne, in wanda bai yarda da addinin ba zai sha maganin ya ɗebi ruwan ba tare da an sa masa sharaɗi ba, to hidima ce, in kuwa sai ya zo sujada ake ba shi, ciniki ake. Akwai kuma masu buɗe coci ba don babu wata ba sai don rigimar shugabanci ko neman baiko, su ma suna kiran abin dasa ikkilisiya, amma dai raba ta suka yi.

Yaushe za a ce sabuwar cocin ta tsaya da ƙafarta?

Tun ƙarni na 19 Henry Venn na ƙungiyar mishan ta CMS (Church Missionary Society) a Ingila da Rufus Anderson a Amurka suka kawo ma'auni uku, ta mulki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Venn ma cewa ya yi aikin ɗan mishan shi ne ya kai matsayin da ba a ƙara buƙatarsa, ya tattara ya ƙara gaba. Na kuɗin nan ne ya fi wuya, domin mutanen da aka je wa talakawa ne, baikonsu ba zai biya fasto ba, shi ya sa da yawa daga masu dasa coci suke haɗawa da wata sana'a, kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti a Korinti yana wa'azi ran Asabar.