Daga Zariya zuwa Legas a mota: tambayoyi da amsoshi

Idan aka samu hutu, wasu magidanta a Zariya kan so su ɗauki iyali a motarsu su gangara Kudu don ziyara da buɗe ido. Ga abin da aka fi tambaya.

Wace hanya ake bi, kuma kwana nawa za a yi?

Daga Kwangila ko Ɗan Magaji sai a hau titin Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, ta Jaji da Mararrabar Jos. Bayan Kaduna akwai Kateri, Jere, Tafa da Zuba, sannan Gwagwalada, Abaji, Koton Ƙarfe, Lakwaja, Okene, Owo, Akure, Ife da Ibadan, sai Legas. Jimilla ta kai kusan kilomita 1,000. Direbobin haya kan cinye ta a zama ɗaya, amma mai iyali ya raba ta biyu, ya kwana a Lakwaja. Wanda ya yi ta a guje ba abin da zai gani sai bayan tirela.

Ina ne wuri na farko da ya cancanci tsayawa?

Dutsen Zuma, dab da Madalla. Tun daga nesa za a hango shi tsaye shi kaɗai, baƙi wuluk, da wata alama mai kama da fuskar mutum a jikinsa. A ciro tsohuwar takardar naira 100 mai hoton dutsen a miƙa wa yara su gwada hoton da abin da ke gabansu.

Ga Bazazzage kuwa, wurin ya wuce kallon dutse. Lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya sauka a Zuba. Ƙaninsa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau sarkin can ana ce masa Sarkin Zazzau Suleja. Abin takaici ne yaro ya tashi a gindin dutsen Kufena na Zariya bai san yana da dangi a gindin Zuma ba. A Sulejan ne kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, ta yi suna da ginin tukwane.

Me ya sa aka zaɓi Lakwaja don kwana?

Kusan rabin hanya ce, kuma a nan kogin Kwara ya haɗu da na Binuwai. Kafin a isa, bayan Koton Ƙarfe, za a haye gadar Murtala Muhammad, inda ruwa ke shimfiɗe hagu da dama, masunta na jefa birgi daga kwalekwale. Ko'ina mota ta rage gudu a wannan yanki, mata za su nufo ta da farantan kifi banda. A taya, amma kada a matse su da yawa. Da yamma a hau dutsen Patti a hango mahaɗar kogunan. A wannan gari ne Lugga ya shelanta mulkin Ingila kan Arewa ranar 1 ga Janairu, 1900.

Bayan Okene fa?

Ƙasa takan sauya, bishiyoyi su yi tsawo, iska ta yi danshi. Mai sauran lokaci ya ratse zuwa duwatsun Idanre kusa da Akure, ko ruwan Erin-Ijesha mai zubowa hawa-hawa. A Osu akwai ƙosai mai zafi, a Ikire kuma soyayyar ayaba mai manja da barkono.

Idan mota ta lalace inda ban san kowa ba?

Ka nemi Sabo ko zango. Da wuya ka samu babban gari a hanyar nan da ba Hausawa, kuma galibi da Sarkin Hausawansu. Ka yi sallama wurin mai shayi ko mai nama, ka ce, "Malam, baƙo ne ni daga Zariya." Sau da yawa kafin ka gama bayani an tura yaro ya kira bakanike, an shimfiɗa wa iyalinka tabarma. 'Yan garin ma haka: ka fara gaida dattijo da ladabi kafin tambaya, yana iya raka ka har kwanar da kake nema. Sai dai kada ka ɗauki wanda ba ka sani ba a mota, kuma kada ka faɗa wa kowa inda za ka kwana.

Batun tsaro fa?

Ba a ɓoye shi. Titin Kaduna zuwa Abuja ya sha fama da masu garkuwa da mutane. A tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin magariba, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar. A guji ƙarshen damina: a 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A duba birki, taya da safaya, a riƙe abin kashe gobara da cikakkun takardu. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Za a yi ƙasaru?

Ƙwarai. A mazhabar Malikiyya tafiyar mil 48, wato kimanin kilomita 80, ta isa. Da zarar an fita gine-ginen Zariya, Azahar, La'asar da Isha'i sun koma raka'a bibbiyu, har sai an isa inda aka yi niyyar zaman kwana huɗu.